Masu Kai Jibi Gida-Gida A Malanville

Duk ɗan kasuwar da ya saba sauka Malanville ya san cewa daga Juma'a zuwa Lahadi ba a wasa da ciniki. Albasa na shigowa, shinkafa na fita, kowa idonsa na kan buhu. Amma a cikin wannan hada-hadar, mai karatu na iya ganin maƙwabcin rumfarsa Kirista ya fito daga coci riƙe da wani ɗan ƙaramin akwati, yana sauri, gaisuwar ma sai ɗaga hannu. To, kada a ɗauke shi mai girman kai. Aiki ne ya hana shi tsayawa.

Malanville na ƙarƙashin dayosis ɗin Kandi ne, wanda aka kafa a 1994, aka kuma naɗa masa Bishop Clet Feliho a 2000. Yanki ne mai faɗi, Musulmi ne suka fi yawa, mabiya ɗarikar Katolika kuwa a warwatse suke. Fada ɗaya ba zai iya kewaya kowane gida da kowane gadon asibiti ba. A nan ne 'yan sa-kai ke shigowa.

A wurin 'yan Katolika, gurasar da Fada ya keɓe a lokacin Mas ba abinci ba ce kawai, jikin Almasihu ne, kuma babu mai keɓe ta sai Fada ko Bishop. Raba ta ne aka sassauta. A 1973, zamanin Fafaroma Paul na 6, fadar Batikan ta yarda Bishop ya zaɓi amintattun mabiya, maza ko mata, su taimaka wajen rabawa, kundin dokokin coci na 1983 kuma ya tabbatar da haka. Ba albashi, ba sarauta. Mutum na da sana'arsa da iyalinsa, a horar da shi, a yi masa addu'a gaban jama'a, shi ke nan.

Sai dai da abin ya yi yawa a wasu ƙasashe, Batikan ta ja linzami a 2004, cikin wata takarda da Kadinal Francis Arinze, ɗan Nijeriya, ya sa wa hannu. Ta ce ba a kiran ɗan sa-kai sai idan babu Fada, ko tsufa ko rashin lafiya ya hana shi, ko jama'a sun yi yawan da ibadar za ta yi tsawo ƙwarai. Ta kuma ce wanda zai kai wa majinyaci ya miƙe kai tsaye, ya bar duk wata harkar duniya a hanya. Ka ji dalilin saurin. Mu da muka san darajar cinikin Lahadi a garin nan, mun san ba ƙaramar asara ba ce mutum ya wuce mai saye yana kiransa. Mu kanmu da muke barin rumfa a hannun yaro idan an kira sallar Juma'a, bai kamata abin ya zame mana baƙo ba.

Akwai kuma maganar iyaka. Gaya tana tsallaken kogi ne kawai, amma cocin can na ƙarƙashin Yamai. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar da ta haɗa garuruwan biyu, ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a suka koma kwale-kwale. Tsohon da ya kwanta ciwo a gefe guda, 'ya'yansa na ɗaya gefen, mai wannan ɗan akwatin ne ke iya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya karanta masa Littafi, ya ba shi gurasar, sannan ya dawo ya buɗe rumfa.