Manhajar Auna Zuciya da Mai Sayen Wake a Gwarzo

Kamfanoni sun daɗe da gane cewa amfani kaɗai ba ya sayar da kaya. Sai abin ya kwanta wa mai saye a rai. Tun shekarun 1970 Farfesa Mitsuo Nagamachi na Jami'ar Hiroshima ya fito da hanyar Kansei: a tara kalmomin da mutane ke siffanta kaya da su, kwamfuta ta haɗa kowace kalma da launi ko fasali. Da ita Mazda ta tsara motarta MX-5 ta 1989. A 2002 Pieter Desmet na Holan ya kawo PrEmo, inda ake nuna maka zanen fuskoki ka taɓa wadda ta yi daidai da abin da ka ji. Sai Affectiva, kamfanin da Rana el Kaliouby 'yar Masar da Rosalind Picard suka kafa a Amurka a 2009, ya ce tambayar ma ba dole ba ce: kyamara ta dubi fuskarka, manhaja ta faɗi ra'ayinka.

To, a kai wannan kyamara kasuwar Gwarzo. Wanda atamfa ta burge shi ne zai fi ɗaure fuska, ya juya ta yana kushewa, don in ya kuskura ya yi murmushi farashi ya tashi. A gida kuwa kunya da kara ne ke aiki. Ka ba magidancin Kabo abin da bai so ba, ya ce maka "ba laifi, Allah ya saka da alheri", har da fara'a. Me manhaja za ta rubuta? Ba a nan kaɗai abin ke tuntuɓe ba. A 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta sun bi ɗimbin bincike, suka nuna motsin fuska ba hujja ba ne a kan abin da ke zuci, kuma a 2022 Microsoft ya janye aikin karanta zuciya daga manhajarsa ta gane fuska.

A ganina, wanda ya fi kusa da gaskiya a yankinmu shi ne mai ƙirƙirar irin shuka. Ma'aikatan cibiyoyin binciken noma na IITA a Kano da IAR a Samaru sun san irin wake na iya cika buhu amma ya yi kwantai. Uwargida na duba girman ƙwaya da farinta, da sauƙin surfe, da yadda ƙullun ƙosai ke tashi. Maigida na lissafin harawar dabbobinsa. Akwai hanyar tricot da Jacob van Etten ya jagoranci tsarawa, wadda IITA ta gwada a kan rogo a Najeriya. Ana ba manomi iri uku ba tare da suna ba, ya shuka a gonarsa, iyalinsa su dafa su ci, sannan ya faɗi wanda ya fi da wanda ya gaza. Manhajar ClimMob ce ke haɗa amsoshin ɗaruruwan manoma ta jera irin bisa fifiko.

Hikimar a tambayar take. Ba a ce masa "kana so?" ba, balle kara ta sa ya amsa da to. Zaɓi aka ba shi tsakanin uku, babu wanda zai ɓata wa rai. Abin da ya rage shi ne wa ake tambaya, domin a yawancin gidajen Kabo da Gwarzo wayar da za a kira a yi tambayar na aljihun maigida, mai jiƙa waken kuma tana cikin gida, inda baƙon namiji mai ɗaukar bayanai ba ya shiga.