Daga Gaoui zuwa gadar Ngeli: Kwamfutar da ke riƙe da kayan 'yan kasuwa

Duk wanda ya je Gaoui, garin Kotoko da ke da nisan kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da Injamena, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne tukwanen da mata ke ginawa da kuma tsohuwar fadar sarki wadda aka mayar gidan adana kayan tarihin mutanen Sao. To amma sukari da atamfa da batir da ke shagunan garin, akasarinsu sai da suka ƙetaro gadar Ngeli daga Kusseri ta ƙasar Kamaru, kuma kafin su ƙetaro sai da wata kwamfuta wadda mai kayan bai taɓa gani ba ta amince tukuna.

Mu da ke aikin gidan rediyon al'umma, ƙorafin da ya fi yawan zuwa mana daga fatake shi ne an ce da su rezo ya ɗauke. Mota ta kwana, direba na cin kuɗin abinci, idan kuwa goro ne ko albasa, to asara ta fara ke nan tun ba a kai kasuwa ba.

Yadda abin yake shi ne, na'urar da ke gaban jami'in kwastan ko ejan ba ita ke yanke hukunci ba. Akwai babbar kwamfuta, wadda ake kira uwar garke, da ke ajiye sunayen masu shigo da kaya, da farashin fito, da shaidar biyan kuɗi. Ɗaruruwan mutane ne ke neman ta a lokaci guda, tamkar rijiya ɗaya ce da guga da yawa. Idan bakinta ya yi ƙanƙanta, kowa sai ya tsaya.

Tsarin da Chadi da Nijar ke aiki da shi sunansa SYDONIA, masu Ingilishi kuma su ce ASYCUDA. Hukumar ciniki da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta soma ƙirƙiro shi a 1981 bisa buƙatar ƙungiyar ECOWAS, kuma ƙasashe da yankuna kimanin 100 ne suka karɓe shi. A tsohon samfurinsa, sau da yawa kowane babban ofishi yakan riƙe tasa uwar garken, saboda haka aiki ba ya tsayawa don layin wani gari ya yanke, sai dai ofis bai ganin abin da ɗan'uwansa ya rubuta da wuri. Sabon samfurin kuwa ya tara komai wuri guda ta intanet, abin da ya toshe ƙofar maguɗi da dama, amma kuma ya rataya bakin iyaka gaba ɗaya a wuyan waya ɗaya.

Maƙwabta kuma kowa ya kama gabansa. Kamaru ta bar SYDONIA ta koma CAMCIS, wanda aka gina da fasahar Koriya ta Kudu, a 2020. Nijeriya ta yi zamani da ASYCUDA, ta koma NICIS, sannan a 2024 ta fara gwada B'Odogwu a Legas. Ke nan ɗan kasuwar da ya yi lodi a Kano ya bi ta Maiduguri, Gamboru, Fotokol da Kusseri, zai ratsa ƙasashe uku da tsari uku, kowanne da irin tambayarsa. Wannan shi ya sa takardar da aka cika jiya ake sake cika ta yau.

A ganinmu, babban kuskuren da masu zaɓen irin wannan na'ura ke yi shi ne auna ta da ranar da babu cunkoso. Ma'aunin gaskiya shi ne safiyar Litinin ta makon da azumi zai kama, sa'ilin da kowane ejan ke son fitar da sukari da dabino a sa'a ɗaya. Na'urar da ke tashi kamar walƙiya da mutum 50 tana iya durƙushewa da mutum 500, kuma mai sayar da ita ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. Haka nan dole a san abin da zai faru in wuta ta ɗauke, ko akwai uwar garke ta biyu a wani gini daban, ko kuwa masu gyaran suna cikin ƙasa ne ko sai an jira su sauko daga jirgi.

Idan mai karatu bai manta ba, lokacin da Gana ta koma sabon tsarinta na ICUMS a watan Yuni na 2020, kaya sun yi ta taruwa a tashar jiragen ruwa ta Tema, ejan-ejan suna ta kuka kafin al'amura su daidaita. Sauya na'ura a dare ɗaya ba tare da an horar da masu aiki da ita ba, ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗinsa.

Wani hanzari ba gudu ba, ba kowane jinkiri ne laifin kwamfuta ba. Wani sa'in kalmar rezo mafaka ce kawai ga mai son a shafa masa hannu. Don haka muke ba fatake shawara su riƙa karɓar lambar rajistar kayansu daga hannun ejan, su rubuta rana da sa'ar da aka ce na'ura ta tsaya, su miƙa wa shugabannin ƙungiyarsu. Da irin wannan lissafi ne shugabannin za su iya zama da hukuma su nemi a ji ta bakinsu kafin a sayo wata sabuwa.