Ko Ka Sani? Kifin da Ake Kamawa da Gashin Tsuntsu

Ko ka san akwai kifin da ake kamawa da ƙugiya ba tana, sai gashin tsuntsu da zare? Ana ce masa sitilhed, kuma gidansa kogunan da ke zuba a Tekun Fasifik ne, daga Kalifoniya har Alaska, da kuma yankin Kamcatka na Rasha. A cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi. Bayan shekara ɗaya zuwa uku sai ya gangara teku, ya yi ƙiba, jikinsa ya yi fari fat kamar azurfa, sannan ya komo kogin da aka haife shi don ya hayayyafa.

Abin mamakin a nan yake. Da zarar ya shigo kogi sai ya rage ci sosai, kitsen da ya tara a teku ne ke riƙe shi. Wanda ya shigo da bazara yakan yi watanni a haka kafin lokacin zuba ƙwai. To wanda ba ya jin yunwa, da me za a yaudare shi?

Masuntan can sun ɗaura masa abin da suke kira ƙuda, ko da yake galibin ƙudajen ba su yi kama da wani ƙwaro da Allah ya halitta ba. Duba Green Butt Skunk, wanda Dan Callaghan ya fito da shi a kogin North Umpqua na jihar Oregon. Jelarsa jan gashin zakara ce, gindinsa kore shar mai ɗaukar ido, jikinsa baƙi an naɗe shi da siririn zare mai ƙyalli, sai farin gashi a bisa a matsayin fiffike. Duk wannan a kan ƙugiyar da ba ta kai tsawon yatsa ba. A shekarun 1990 Ed Ward da Jerry French da Scott Howell suka zo da Intruder, babba, mai dogayen gashin jimina da ke buɗewa suna rufewa a ruwa tamkar abu mai rai. Har gashin zabo, mai ɗigo-ɗigon nan, masu ɗaurin suna yi wa ƙuda wuya da shi.

Masunta sun daɗe suna gardama kan dalilin da ya sa sitilhed yake cafka. Wasu sun ce fushi ne, abu ya shigo masa wuri. Wasu sun ce tsohuwar al'adar ƙuruciya ce ta cin ƙwari take motsawa. Ni na fi karkata ga masu cewa bincike yake yi, domin kifi ba shi da hannu, bakinsa ne abin taɓawarsa.

Shi ya sa tafiyar ƙudan a ruwa ta fi kamanninsa muhimmanci. Masunci yakan tsaya a ruwa har cinya da doguwar sanda ta hannu biyu, irin wadda ta samo asali a kogin Spey na Sikotilan. Ya jefa a karkace, ya bar igiyar ruwa ta ja ƙudan ya ratsa kogin a hankali, ya yi taku biyu ko uku gaba, ya sake. A ruwan hunturu mai sanyi da laka, babban ƙuda ake sa wa zare mai nutsewa. Da bazara kuwa ƙarami ya isa, wani lokaci ma a saman ruwa ake jansa yana barin sawu. Mutum kan wuni bai ji ko girgiza ba.

Ɗan'uwan sitilhed, katturot, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa, halinsa daban. Shi ma yana zuwa ruwan gishiri, amma ba ya nisa da gaɓa, kuma bai cika wuce rabin mita ba. Yana ci da gaske, don haka ƙudajensa, irin su Knudson's Spider da Rolled Muddler, ƙananan kifaye da ƙwari suke kwaikwaya, kuma a kusa da kututturan da suka faɗa ruwa ake nemansa.

Madatsun ruwa da sare dazuzzuka sun rage sitilhed na daji ƙwarai, abin da ke ci mini rai. A koguna da dama na Oregon da Washinton, wanda aka yi renonsa a gidan kiwo ake yarda a kai gida, kuma ana gane shi ne da ɗan ƙaramin fiffiken kusa da jela da aka yanke masa tun yana ƙarami. Idan masunci ya ga fiffiken yana nan, sai ya zare ƙugiyar ya sake shi.