Teku Zai Haɗiye Legas Nan Da 2050? Abin Da Jar Taswira Ba Ta Faɗa Ba

Duk lokacin da damina ta kankama, akwai wata taswira da ke sake kewaya WhatsApp da Facebook. An shafe Tsibirin Legas da Victoria Island da Lekki da Apapa da jan launi, a ƙasa an rubuta cewa masana sun tabbatar teku zai haɗiye birnin nan da shekarar 2050. Wanda yake da ɗan'uwa mai sayar da tumatir a Mile 12, ko mai canji a Obalende, ko iyali a Agege da Idi-Araba, ba zai ga wannan ya wuce ba tare da gabansa ya faɗi ba. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa duk tatsuniyar Turawa ce, suna liƙa hotuna biyu na wani dutse a bakin teku, ɗaya tsoho ɗaya sabo, su ce ga shi ruwa bai motsa ba. A ganina ɓangarorin biyu kuskure ɗaya suke yi: sun ɗauka makomar gaɓar teku lamba ɗaya ce, wato yawan santimitocin da ruwa zai hau. Alhali wannan lambar ita ce mafi ƙanƙanta a lissafin, ko da yake ita ce aka fi tabbatarwa.

Hawan ruwan kansa ba abin gardama ba ne, domin an auna shi. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya nuna a rahotonsa na 2021 cewa matsakaicin tsayin teku a duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne saurin: daga 1901 zuwa 1971 ruwan na hawa da milimita 1.3 a shekara, amma daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7. Ma'aunan da aka kafa a tashoshin jiragen ruwa sun nuna haka, taurarin ɗan'adam da ke auna fuskar teku tun farkon shekarun 1990 su ma sun nuna haka. Dalilai biyu ne manya: ruwa idan ya ɗumama yana kumbura, sannan ƙanƙarar da ke zaune a kan tudu, a manyan duwatsu da Girinlan da Antatika, tana narkewa tana gangarowa. Masu cewa ƙanƙara idan ta narke a kofi ruwa ba ya zuba sun faɗi gaskiya, amma game da ƙanƙarar da ke yawo a kan teku kawai. Wadda ke kan ƙasa ba ta cikin kofin tun farko, kuma ta Girinlan ita kaɗai, da za ta narke ƙurmus, ta isa ta ɗaga teku da kusan mita 7. Wannan aikin ɗaruruwa ko dubban shekaru ne. Hotuna biyun nan kuwa ba su da nauyin hujja, saboda teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini a yawancin gaɓoɓi, kuma tazarar da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa takan ninka santimita 20 sau da yawa. Mai hoto yana iya nuna maka ruwa ya hau ko ya sauka, gwargwadon sa'ar da ya danna kyamara.

To nawa ruwan zai ƙaru nan da 2050? Rahoton ya sa shi tsakanin kimanin santimita 15 zuwa 30 a kan matakin shekarun 1995 zuwa 2014. Bai kai gwiwar babban mutum ba. Ikeja, inda filin jirgin sama yake, tana da tsayin kusan mita 40 a kan teku. Saboda haka maganar cewa Legas za ta ɓace a 2050 ƙarya ce tsagwaronta.

Amma ruwa ba ya tsami banza, taswirar tana da asali. Irin waɗannan jajayen taswirori sun bazu ne bayan wani bincike da cibiyar Climate Central ta Amurka ta fitar a 2019, wanda Scott Kulp da Benjamin Strauss suka rubuta. Aikinsu gyara ne ga wani tsohon kuskure. Bayanan tsayin ƙasa da aka daɗe ana amfani da su an tattara su ne daga kumbo a shekarar 2000, kuma na'urar takan ɗauki saman bishiya ko rufin gini a matsayin ƙasa, sai gaɓa ta bayyana da tudu fiye da yadda take. Da aka gyara, sai adadin mutanen da ke zaune a ƙasar da ambaliyar teku za ta iya kaiwa aƙalla sau ɗaya a shekara nan da 2050 ya tashi zuwa kimanin miliyan 300, mafi yawansu a Asiya. A lura da kalmomin: ƙasar da ruwa zai iya kaiwa sau ɗaya a shekara, ba ƙasar da za ta nutse har abada ba. Sannan lissafin bai sa katangu da madatsai da famfunan zuƙe ruwa a ciki ba, kuma masu binciken sun faɗi haka da bakinsu. Hanya ce irin ta mai zuba ruwa a baho ya duba inda ya tsaya: duk abin da ke ƙasa da layin an shafa masa ja. Da za a yi wa Holan irin wannan fenti, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ya zama ja tun yau, domin ƙasa da teku yake, ga shi kuma mutane na noma da kiwo a kai. Holan ta biya farashin wannan zama: ambaliyar 1953 ta kashe mutum fiye da 1,800, daga nan ta shafe shekaru gommai tana gina madatsai. Jan launi yana nuna inda ake buƙatar aiki da kuɗi, wanda ya tura taswirar ne ya mayar da shi hukuncin kisa.

Wani zai ce, idan santimita 20 ko 30 ne kawai, ai hankali ya kwanta. Nan ne nake ganin masu raina lamarin suka fi masu firgita haɗari. Teku ba ya cin gari a ranar da yake kwance. Yana ci ne ranar da cikarsa ta yi daidai da iska mai ƙarfi da manyan igiyoyi, kamar yadda ya faru a bakin ruwan Kuramo da ke Legas a watan Agustan 2012, inda ruwa ya yi awon gaba da rayuka da rumfuna cikin dare. Kowace santimita da aka ƙara tana ɗaga dandalin da irin wannan tumbatsa ke tashi daga kai, sai abin da a da ake gani sau ɗaya a rayuwar mutum ya zama na kowace 'yan shekaru. IPCC ta ce matsanancin hawan ruwa da ake samu sau ɗaya a ƙarni zai riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a shekara a fiye da rabin wuraren da ake da ma'auni nan da 2100. A Legas akwai ƙarin wahala: magudanan birnin suna zubewa ne a tafkin da ke haɗe da teku, kuma gangarensu kaɗan ne. Idan tafkin ya cika, ruwan sama ba shi da wurin zuwa, sai ya koma titi da falo. Ruwan da ya mamaye birnin a watan Yulin 2011, da wanda ya cika Lekki da Victoria Island a Yulin 2017, daga sama ya zo. Duk lissafin da ya auna teku shi kaɗai, ko ruwan sama shi kaɗai, zai raina haɗarin ranar da suka haɗu.

Akwai kuma abin da taswirar ba ta iya gani, wato ƙasa ita ma tana motsi. Abin da ya shafi mai gida a bakin ruwa shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da dokin ƙofarsa, ko ruwan ne ya hau ko ƙofar ce ta sauka. A arewacin Jakarta akwai unguwannin da aka auna suna nutsewa da santimita 25 a shekara, saboda yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wato a shekara guda sun yi asarar abin da teku ya ɗauki fiye da ƙarni yana ci. Wannan na cikin dalilan da suka sa Indunusiya ta sanar a 2019 za ta sauya babban birni. Tokiyo ta taɓa shiga irin wannan hali, wasu sassanta suka sauka da mita 4, har gwamnati ta taƙaita haƙar ruwa a shekarun 1960 da 1970, nutsewar ta kusa tsayawa cak. A Siwidin kuwa ƙasa ce ke ɗagowa tun bayan da tsohuwar ƙanƙara ta sauka daga kanta, shi ya sa a Istokhom ake ganin kamar teku na ja da baya, kuma masu musu sukan kafa hujja da hakan ba tare da faɗin dalili ba. Legas birni ne da aka gina babban ɓangarensa a kan fadama da yashin ciko, kuma gida-gida ake haƙa rijiyar burtsatse saboda ruwan famfo bai wadata ba. Awon taurarin ɗan'adam ya nuna sassanta suna sauka. Mai lissafin da ya ɗauko lambar duniya ya ɗora wa Lekki ba tare da auna wannan ba, bai yi rabin aikin ba.

Batun yashi ya fi kowanne bayyana yadda ake ɗora wa teku laifin da hannun mutum ya yi. Igiyar ruwa a gaɓar Afirka ta Yamma tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a mashigar tashar Legas don jirage su samu hanya. Katangun suka tare yashin, ya taru a gefen yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita. Cikin ƙarni guda teku ya cinye fiye da kilomita ɗaya na wannan gaɓar, har ya riƙa watso ruwa kan titin Ahmadu Bello. Santimita 20 ba za su iya wannan ɓarna su kaɗai ba. A Saint-Louis ta Senigal, a watan Oktoban 2003, hukumomi suka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba kogi da teku don ruwan ambaliya ya fita. Yankan ya buɗe ya zama kilomitoci, ya ci ƙauyuka. A Keta ta Gana ma, dam ɗin Akosombo ya rage yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa. Ba ina cewa ɗumamar yanayi ba ta da hannu a zaizayar da ke cin garuruwa irin su Ayetoro a jihar Ondo ba. Tana da shi, kuma hannun nata ƙaruwa yake yi. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita labulen da mai haƙar yashi da mai sare itatuwan fadama da mai ba da izinin gini a kan hanyar ruwa za su ɓuya a baya. A Legas, katangar da aka gina don kare sabon birnin Eko Atlantic ta tsare Victoria Island, amma mazauna ƙauyukan gabas da ita, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa ruwan ya dawo kansu. Ko an yarda da su ko ba a yarda ba, lissafin da ya tsaya a ƙarshen katanga bai amsa tambayarsu ba.

Wata jita-jitar kuma, cewa duk ambaliya teku ne ke kawo ta, gajeriyar amsa ta ishe ta. Ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, da ta Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar dam ɗin Alau, ba teku ne ya kawo su ba. Ruwan sama ne da koguna da madatsai. Haka ma ruwan da kan shiga Mile 12 da Isheri, yawanci kogin Ogun ne ke cika, musamman idan an saki dam ɗin Oyan.

Ƙorafi mafi ƙarfi da ake yi wa masanan shi ne cewa hasashensu na 2100 ya yi faɗi: daga santimita 28 idan duniya ta rage hayaƙi sosai, zuwa kusan mita 1 idan ta ci gaba da ƙona mai da kwal ba ƙaƙƙautawa, har suka ƙara da cewa ba za a kore yiwuwar kusan mita 2 ba idan ƙanƙarar Antatika ta rushe da sauri. Mai suka zai ce wanda ya ba ka irin wannan tazara bai san komai ba. Ni ina ganin akasin haka. Babban ɓangaren tazarar ya rataya ne a kan shawarar da ƙasashe ba su yanke ba tukuna, kuma ko mafi ƙarancin lambar hawa ce, babu sauka a ciki. Amfanin tazarar shi ne kowa ya zaɓi lambar da ta dace da tsawon ran abin da yake ginawa. Mai kafa rumfar kifi da za a sake bayan shekara biyar bai damu da 2100 ba. Tashar jiragen ruwa ta Lekki, da babbar hanyar gaɓa daga Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, da duk wata gada ko asibiti, za su kai zamanin jikoki, don haka wajibi ne a auna su da lamba ta sama.

Saura mutane, waɗanda launi ɗaya ke haɗe su a taswira alhali halinsu ya sha bamban. Mai bene a Banana Island da masunci a Makoko duk ja ne, amma ɗaya yana da janareto da famfon zuƙe ruwa da wani gidan a Abuja, ɗayan kuwa kwalekwale kawai ya mallaka. Kuma tarihi ya nuna yadda kalmar haɗari ke zama makami. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe Maroko, aka kori mutum kusan 300,000, ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne wurin yana ƙasa da teku, ruwa na cinsa. Aka cike filin da yashi, yau yana cikin unguwanni mafi tsada a Nijeriya. Don haka, mai karatu, idan jar taswirar ta sake shigowa wayarka, kafin ka tura wa ɗan'uwanka na Legas ka nemi sanin wace shekara take nufi, ambaliyar kwana ɗaya take nunawa ko nutsewar dindindin, an auna saukar ƙasa da katangu da magudanai ko ba a auna ba, kuma wa zai ci riba idan mazauna wurin suka tsorata suka sayar da filayensu da araha.