Daga Situdiyon Sakkwato Zuwa Amurka: Yadda Bluetooth Ya Fito Da Mdou Moctar

Ka sa iyafis ka saurari Mdou Moctar, za ka ji jita na amsa-kuwwa kamar daga sararin samaniya sautin ke saukowa. Amma a Sakkwato aka fara naɗar wannan sautin.

A 2008 wannan Buzun ɗan Nijar, mai suna Mahamadou Souleymane, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a can. Da Tamashek ya rera, aka ɗora wa muryarsa Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa, ta koma tana rawa kamar ta na'ura. Ba kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Waya ce ta yi dillancin: Bluetooth da memori, daga hannu zuwa hannu, har Mali.

A can Ba'amurke Christopher Kirkley ya kwafi waƙar Tahoultine, ya yi ta cigiyar mai ita har ya same shi. Ta fito a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011. Daga baya Mdou ya samu ƙungiyar mutum huɗu, kuma Matador ta Amurka ce ta fitar da Afrique Victime a 2021.

Cigiyar nan ce ta tsaya mini a rai. Matashin da ke haɗa kiɗa da waya a Garo ko Gwarzo, waƙarsa na iya zagaye Kabo ta Xender a matsayin "Track 01". Kafin ka tura wa kowa, rubuta sunanka a jikin fayil ɗin, ka kuma faɗe shi cikin waƙar, don masu turi kan canza suna.