Ruwan Zartsi a Tasawa da Mayahi: Harshe Ba Ya Awon Ruwa

Duk shekarar da damina ta yi gardama, da zarar bazara ta kama sai a fara jin koke iri ɗaya a wasu ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Ruwan rijiya ya yi zartsi, sabulu ya ƙi kumfa, wake ya ƙi nuna, shayi ya canza ɗanɗano. Koken gaskiya ne. Matakin da ake ɗauka bayansa shi ne abin takaici. Wasu gidaje su juya wa rijiyar baya su koma ragowar tafki, ko kududdufin da ruwan farko ya cika, wai shi ne mai daɗi. Wasu kuma su ƙone itacen da ake wahalar samu suna tafasa ruwan, su jefa alam ko ƙwayar kilorin ta Aquatabs, su tace da ƙyalle, sannan su kwanta da tabbacin sun cire gishiri. Dukansu sun naɗa harshe alƙalin ruwa, kuma harshe bai isa wannan shari'a ba.

Ba sai an yi dogon bayani kan inda gishirin ke fitowa ba. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 500 ba, alhali rana da iska suna iya shanye abin da ya haura milimita 2,000 daga ruwan da ke fili. Rana ruwa kawai take ɗauka, gishiri da kanwa tana barin su a nan, kamar miyar da aka manta a kan wuta. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumomin biyu, ruwa ya daɗe da daina gudu a sama yadda ya kamata, don haka dogaron jama'a da dabbobi da masu lambu duk yana kan na ƙarƙashin ƙasa. Shekarar fari, irin 1973 da 1984, abin da ke sauka ya sabunta wannan ruwa ya ragu, masu ja kuma su ƙaru. Mai cewa ai mu ba mu kusa da teku, ina ruwanmu da gishiri, ya manta cewa kanwar da yake zubawa a tuwo ba daga teku aka kwaso ta ba. Kuma a faɗi gaskiya, yawancin rijiyoyin yankin ruwansu ba mai gishiri ba ne. Matsalar ta wuri-wuri ce, shi ya sa ba a yi mata hukunci na bai ɗaya, sai an bi rijiya ɗaya bayan ɗaya.

Batun tafasawa shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa, kuma masu yin sa mutane ne masu kyakkyawar niyya. A lissafa. Lita 10 na ruwan da kowace litarsa ke ɗauke da miligiram 1,000 na narkakken gishiri, giram 10 ke nan a cikin tukunya. A tafasa har lita 2 su tafi da tururi, giram 10 ɗin yana nan daram, amma yanzu a cikin lita 8, wato kowace lita ta koma miligiram 1,250. An ƙone itace an ƙara wa ruwa gishiri. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, kilorin ma haka, alam da ƙwayar zogale suna kwantar da laka, ƙyalle yana tare datti. Kowannensu yana da aikinsa, kuma ba a ce a daina ba. Amma gishirin da ya narke ba ya kwanciya, ba ya mutuwa, ba ya maƙalewa a ƙyalle. Abin da ke raba shi da ruwa shi ne a tara tururi a mayar da shi ruwa, ko a tura ruwan da ƙarfin inji ta wata matata ta musamman, kuma duka biyun sun fi ƙarfin aljihun ƙauye. Abin haushi, har wasu masu faɗakarwa suna zagayawa suna cewa “a tafasa ruwa” ba tare da sun tambayi ciwon ruwan ba.

Gudu zuwa tafki ya fi wannan muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ruwan da narkakkun gishirinsa bai kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, idan ya haura 1,000 ne daɗin ke gushewa. Wannan iyaka ta ɗanɗano ce. Babban mutum mai lafiya zai iya shan ruwa mai ɗan zartsi na wasu watanni ba tare da ya kwanta ba, sai dai mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su ne ya kamata a fara nema wa mafi sauƙin gishiri. Ruwan tafki kuwa, wanda shanu suka shiga, yara suka yi wanka, ruwan sama ya kwaso bayan gidan gari ya zuba, gudawa da kwalara da tsagiya ne a cikinsa, kuma gudawa tana iya kashe yaro cikin kwana biyu. Wane irin ciniki ne wannan, a guje wa ɗaci a baki a ɗauko cuta a ciki?

Hujja mafi ƙarfi a kan harshe tana nan cikin jihar Maraɗi. A Tibiri, kusa da birnin Maraɗi, an fara ba gari ruwa daga wata rijiyar burtsatse a 1985. Ruwan garau yake, ba wari, ba zartsin da zai kori kowa. Shekaru suka shuɗe kafin a gane cewa sinadarin fuloraid da ke ciki ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sau uku ko fiye. Kafin nan haƙoran yara sun yi ja, ƙafafun ɗaruruwa sun lanƙwashe, nakasar da ba ta da gyara, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Fuloraid ba shi da ɗanɗano. Haka shi ma naitiret, wanda ke zuwa daga kashi da fitsarin dabbobi, masai da takin zamani. Iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma idan ya yi yawa yana hana jinin jariri ɗaukar iska har leɓensa su yi shuɗi. Tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi. Wannan ma wani dalili ne na daina ɗura wa jariri ruwa kafin ya cika wata shida, ko da zafin Afrilu ne, nono ya wadatar. To a dubi bakin rijiyoyinmu da rani: garke a tsaye tun asuba, kwamin shayarwa manne da bakin rijiya, caɓi da kashi har idon sawu, igiyar wasaki tana jan ƙasa tana komawa ciki. Wani gishirin fari ne ya kawo shi, wani kuwa mu muka zuba da hannunmu.

Za a ce kakanninmu sun sha wannan ruwa ba su mutu ba. Kakanninmu ba su kai mu yawa ba, garkunansu ba su kai namu ba, ba su da injin ban ruwa ko famfo mai aiki da hasken rana da ke zuƙa tun fitowar rana har faɗuwarta, kuma ba su haƙa zuwa zurfin da ake kai wa yau ba, inda ruwa ya daɗe kwance cikin dutse yana narkar da abin da ke ciki. Za a kuma ce awo aikin gwamnati ne, talaka ba shi da kuɗinsa. Rabin maganar gaskiya ne. Fuloraid da naitiret sai da kayan gwaji, kuma haƙƙin jama'a ne su matsa wa magajin gari da ma'aikatar ruwa ta jiha su auna kowace sabuwar rijiya kafin a buɗe ta, su kuma faɗi sakamakon da Hausa a gaban mai gari. Dokar ruwa ta ƙasa ta 2010 ta ba ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa gurbi a harkar. Amma na'urar awon yawan gishiri ƴar ƙarama ce, tana shiga aljihu, kuma kwamitin da ke karɓar kuɗin kowace jarka a bakin famfo ba zai ce ta gagare shi ba. Ana samun kuɗin fenti da na walimar buɗe famfo, na awo ne kullum babu. Lokacin awon ma yana da muhimmanci. Wanda aka yi da kaka, ruwa na cike, ba ya faɗin halin da za a shiga a Mayu. A auna sau biyu, bayan damina da ƙarshen bazara, a rubuta a littafin kwamiti, don a ga inda rijiyar ta dosa shekara bayan shekara.

Idan lamba ta samu, dabara ta samu. Ƙauyen da ke da rijiya biyu sai ya ware mai sauƙin gishiri don sha da girki, ɗayar ta wanki da dabbobi, tunda ma'aunin hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ya nuna shanu da tumaki suna shan ruwan da ya kai miligiram 3,000 a lita lafiya lau, kaji ne ba su da juriya sosai. Idan mai daɗin bai isa ba, a gauraya: guga ɗaya mai 1,200 da guga ɗaya mai 200 suna ba da ruwa mai 700. Ruwan rufin kwano kusan babu gishiri a cikinsa, a bar na farko ya wanke ƙura, a tari na baya a rufe. A janye kwami nesa da rijiya, a zuba daɓen siminti, a yi magudana, a hana haƙa masai kusa.

Masu lambu a kwarin gulbi su ma su lura. Farin ɓawon da ke fitowa a bakin fangali gishiri ne, kuma yayyafi kaɗan-kaɗan da rana tsaka shi ke tara shi a inda saiwa take. Gara a shayar sosai da sassafe ko da yamma, lokaci-lokaci a ƙara ruwa ya wuce ƙasan saiwa da gishirin, a rufe ƙasa da kara. Albasa da karas ba sa jure gishiri, tumatir ya ɗan fi su, dabino ya fi kowa. Wanda rijiyarsa ta haura miligiram 2,000 a lita ya canza abin shuka tun kafin ya sayi iri.