Guzurin Mai Neman Ilmi A Madina

Da wuya ka sami ɗalibin Larabiyya a ƙasar Hausa wanda bai taɓa burin karatu a birnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba. Tun da aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a shekarar 1961, watau 1381 bayan Hijira, take karɓar samari daga ƙasashen duniya, har da namu. Amma fa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta kai mutum can, sai an haɗa da shiri.

Farkon shiri shi ne takardu. Ana bukatar fasfo mai sauran kwana, da shaidar gama sakandare, da ta haihuwa, da ta likita, da kuma tazkiyya, watau shaidar halin kirki daga sanannun malamai ko wata ƙungiyar Musulunci. Takardar da ba da Larabci take ba sai a kai ta ga amintaccen mai fassara. A lura ƙwarai sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a ko'ina, domin saɓanin harafi ɗaya yana iya jawo jinkirin shekara guda. Jami'ar ta daɗe tana sharɗanta kada mai neman digirin farko ya haura shekara 25, kada kuma takardarsa ta sakandare ta wuce shekara 5, amma a riƙa duba sharuɗɗan kowace shekara.

Ta intanet ake neman gurbi a yau, kuma ba sayar da shi ake yi ba. Saboda haka duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi zai samo wa yaro wuri, a guje shi, kada uba ya sayar da gonarsa a banza. Haka nan kada wani ya shiga da bizar Umra da nufin ya laɓe har a ɗauke shi. Wannan karya doka ne, ƙarshensa kamu da kora.

Wanda Allah Ya ba sa'a zai sami karatu kyauta, da ɗakin kwana, da ɗan alawus na wata-wata, da tikitin jirgi. To, alawus ɗin na cin abinci ne da sayen littattafai, bai isa riƙon iyali ko aike gida ba, kuma iƙamar ɗalibi ba ta neman aiki ba ce. Ya kamata iyaye su san haka, su daina ɗora wa yaro nauyin da ba zai iya ba. Mai mata kuwa ya tanadi abin da zai bar mata kafin ya tashi.

Sai batun harshe. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, za a fara sa shi a sashen koyar da Larabci na kimanin shekara 2 kafin ya shiga kulliyar Shari'a, ko Hadisi, ko Alƙur'ani, ko Da'awa, ko ta Larabci. Ya kuma sani Larabcin kasuwa dabam yake da na littafi. Zafin bazara yakan haura digiri 40, sanyin hunturu kuma yana ratsa ƙashi. Tuwo da miyar kuka sai ka girka da kanka, in ba haka ba sai shinkafa da gurasa.

Abu na ƙarshe shi ne faɗin ƙirji. Ɗalibin da ya tashi da Ahalari da Risala zai zauna aji ɗaya da mabiya sauran mazhabobi, ya ji hujjojin da bai saba ji ba. Kada wannan ya sa shi raina malaman da suka koya masa alwala. Ai Imamu Malik kansa mutumin Madina ne, a nan ya karantar, a Baƙi'a kuma aka binne shi a shekara ta 179 bayan Hijira.

Mutanen garinku suna jiran ka komo ka amfane su, ya kai ɗalibi. Allah Ya ba da ilmi mai albarka, Ya komo da kowa gida lafiya, amin.